Gidan Kowa, Muryar Wa? Sharhi kan fim ɗin Ex Libris na Frederick Wiseman

Gabatarwa

A cikin babban birni, gidaje kaɗan ne mutum zai shiga ba a nemi kuɗinsa ba, ba a tambayi addininsa ko asalinsa ba, ya zauna tun hantsi har la'asar babu wanda ya ce masa tashi. Ɗakin karatu na jama'a yana daga cikinsu. A kan irin wannan gida ne Ba'amurke Frederick Wiseman ya shirya fim ɗinsa mai suna Ex Libris, wanda ya fito a 2017, ya kuma samu kyautar ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta duniya a bikin birnin Venis na Italiya a wannan shekara. Tsawonsa minti 197, wato awa uku da ƴan kai. Babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa: ma'aikata ne na gaske da masu karatu na gaske, a Ɗakin Karatun Jama'a na birnin Niyok.

Sunan fim ɗin Latinanci ne, ma'anarsa "daga cikin littattafan wane". Kalmomi ne da Turawa ke liƙawa a bangon littafi, sannan mai shi ya sa sunansa a gaba. A cikakken sunan fim ɗin, Wiseman ya sa sunan ɗakin karatun kansa a wannan gurbi. Wannan gurbi shi ne abin da sharhin nan zai bi diddiginsa: ɗakin karatun da ke hidima ga al'ummomi mabambanta, na wane ne, kuma al'adun wa ake ji a cikinsa?

Gidan da aka shiga

An kafa wannan ɗakin karatu a 1895, bayan an haɗe tarin littattafan wasu attajirai biyu, Astor da Lenox, da dukiyar da Samuel Tilden ya bari wasiyya. A 1901 attajiri Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 domin a gina rassa 65 a unguwannin birnin, bisa sharaɗin hukumar gari ta ba da filaye ta kuma ɗauki nauyin tafiyar da su. Babban ginin, mai zakuna biyu na dutse a ƙofarsa, an buɗe shi a 1911. Lokacin da aka ɗauki fim ɗin, a 2015, gidan yana da wurare 92 a yankuna uku na birnin: Manhattan, Bronx da Staten Island.

Tun asalinsa ke nan gidan yana tsaye a kan ƙafa biyu, kuɗin hukuma da kyautar masu hali. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta da aka ɗora wa hidimar jama'a. Duk wanda bai riƙe wannan ba, rabin fim ɗin zai wuce shi, domin Wiseman yana yawan komawa ɗakin taron shugabanni, inda shugaban gidan Anthony Marx da abokan aikinsa ke ta lissafin yadda kuɗin hukuma zai jawo na attajirai, na attajirai kuma ya jawo na hukuma.

Salon mai fim

Wiseman, haifaffen 1930, lauya ne kafin ya zama mai shirya fim. Tun daga Titicut Follies na 1967 bai sauya hanya ba: yakan zaɓi gida guda, asibiti ko makaranta ko kotu, ya tare a ciki na makonni, ya ɗauki abin da ke gudana, sannan ya shafe watanni yana tacewa. Ba ya sa muryar mai ba da bayani, ba ya yi wa kowa tambaya, ba ya rubuta sunan mai magana a ƙasan hoto. A wannan fim, shi ya riƙe na'urar ɗaukar sauti, John Davey ya riƙe kyamara.

Tun da mai fim ya yi shiru, ra'ayinsa yana cikin jeri ne: me ya biyo bayan me. Fim ɗin ya buɗe da masanin halittu Richard Dawkins yana jawabi a zauren babban gini. Daga nan sai aka wuce wurin ma'aikatan da ke amsa tambayoyin jama'a ta wayar tarho, inda ɗayansu ke bayyana wa mai kira, cikin haƙuri da ladabi, cewa dokin nan mai ƙaho ɗaya na almara ne, ba a taɓa halittarsa ba. Shahararren masani da mai tambayar da za a iya yi wa dariya, an ba su daraja guda. Wannan jeri na farko ya ƙunshi aƙidar fim ɗin gaba ɗaya, kuma ya isar da ita fiye da yadda dogon bayani zai yi.

Al'adu iri biyu

Idan aka natsu, za a ga al'adu iri biyu suna yawo a cikin gidan. Akwai wadda ake kawo wa jama'a daga kan dandamali. Mawaƙi Elvis Costello yana ba da labarin mahaifinsa, mawaƙiya Patti Smith tana maganar marubutan da suka rene ta, marubuci Ta-Nehisi Coates yana tattauna halin baƙar fata a Amurka, Ted Merwin yana warware tarihin shagunan abinci na Yahudawan Niyok. Har da masanin tarihi Rudolph Ware, mai littafin The Walking Qur'an na 2014, yana bayani kan malaman Musulunci na Afirka ta Yamma da cinikin bayi. Littafin nasa ya bi tarihin makarantun allo, ya kuma nuna yadda malaman Futa Toro suka yi tawaye a shekarun 1770 domin hana sayar da mahaddata. Mai kallo daga Damagaram ko Tawa zai ji wani abu idan ya ga ana sauraron tarihin allo da tawada a tsakiyar Niyok, an yi tsit.

Akwai kuma al'adar da jama'a ke shigowa da ita da kansu, ko suke ƙerawa a wurin. Ga tsofaffi suna rawa a wani reshe. Ga ƙungiyar masu karatu suna gardama kan wani littafin soyayya na Gabriel García Márquez, kowa yana auna shi da abin da rayuwa ta koya masa. Ga malama tana koya wa makauniya rubutun makafi, yatsa bisa yatsa. Ga wata mai tafinta da maganar hannu tana nuna yadda jimla ɗaya ke sauya ma'ana idan an faɗe ta da fushi ko da roƙo, domin kurma ya samu rabonsa a gidan wasan kwaikwayo. Ga ƴan asalin Sin ana koya musu kwamfuta da harshensu. Ga matashi Miles Hodges yana rera waƙarsa, jariri yana kuka daga cikin masu sauraro, ba wanda ya fitar da uwar.

Fim ɗin ya fi ba iri na farko lokaci, amma ƙarfinsa yana wurin na biyu. Jawabin shahararre ana iya jin sa a jami'a ko a rediyo. Abin da ba a samu ko'ina sai a ɗakin karatu shi ne wannan cuɗanya ta mutanen da babu abin da ya haɗa su face ƙofar da aka bari a buɗe.

Zuciyar fim ɗin tana kusa da ƙarshensa, a wani ɗan ƙaramin reshe na unguwar Harlem mai suna Macomb's Bridge. Mutanen unguwa sun zauna a matse tare da Khalil Gibran Muhammad, wanda a lokacin yake shugabantar cibiyar Schomburg ta binciken al'adun baƙar fata. Maganar da ta taso ita ce ta wani littafin makaranta da ya jawo ce-ce-ku-ce a 2015, saboda ya kira ƴan Afirka da aka kai Amurka cikin sarƙa da sunan "ma'aikata", kamar waɗanda suka je ci-rani. Iyaye suna magana da zafi, suna tambayar yadda za su kare ƴaƴansu daga ƙaryar da aka buga aka ɗaure da bango. A nan babu dandamali, babu tafi. Jama'a ne suka zo gidan littattafai domin su ƙaryata littafi, kuma gidan ya ba su kujera da hujja. Wannan shi ne mafi girman abin da ɗakin karatu ke yi wa al'umma: ya adana shaidarta, ya kuma ba ta wurin da za ta tsaya ta gyara abin da aka rubuta a kanta.

Tarihin da ke bayan hoto

Wannan zama bai faɗo daga sama ba, kuma a nan ne shirun Wiseman ya fara tauye mai kallo. Cibiyar Schomburg ta ci sunan Arturo Alfonso Schomburg, haifaffen tsibirin Puerto Rico a 1874, ma'aikacin banki wanda ya ƙarar da albashinsa wajen sayen littattafai, takardu da hotuna da suka shafi baƙar fata. A 1926 gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 aka saye tarin nasa aka ajiye a reshen Titi na 135 a Harlem, kuma shi ya kula da shi daga 1932 har rasuwarsa a 1938. A wannan reshe ne Aaron Douglas ya yi manyan zane-zanensa na bango a 1934. A ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta baƙar fata da aka kafa a 1940 ta samu mazauni, kuma ta cikinta Ruby Dee, Sidney Poitier da Harry Belafonte suka biyo.

A wannan reshe dai Pura Belpré ta fara aiki a 1921, ita ce ƴar Puerto Rico ta farko da gidan ya ɗauka. Ta duba kantocin littattafai ba ta ga tatsuniyoyin ƙasarsu ba. Sai ta shiga ba yara waɗanda ta ji daga bakin kakarta, da Sifaniyanci da Ingilishi, tana haɗawa da ƴan tsana da take ɗinkawa. A 1932 ta buga ɗaya daga cikinsu a littafi. Tatsuniya ce ta riga littafi shiga ɗakin karatu, daga baya ta zama littafin.

Darasin waɗannan mutane biyu guda ne. Gidan bai wayi gari ya tuna da baƙar fata ko masu jin Sifaniyanci don kirkinsa ba. Wasu ƴaƴan waɗannan al'ummomi ne suka shigo da kayansu a ka, suka nemi wuri, suka zauna. Fim ɗin ya nuna bikin cikar cibiyar shekara 90, ya nuna zane-zanenta, amma wanda bai san tarihin ba zai ɗauka kyauta ce daga sama, alhali gumi ne na ƙasa.

Inda fim ɗin ya yi rauni

Rauni na farko na harshe ne. Niyok gari ne da miliyoyin mazaunansa ba Ingilishi suke yi a gida ba, kuma a Bronx masu jin Sifaniyanci sun fi kowa yawa. Duk da haka, in aka cire ɗan guntun darasin kwamfuta, kusan duk abin da ake ji cikin awa ukun nan Ingilishi ne. Bambancin jama'a ana ganin sa a fuskoki, ba a cika jin sa a kunne ba. Ba rashin iyawa ba ne, domin a fim ɗinsa na 2015, In Jackson Heights, Wiseman ya bar baƙi ƴan ci-rani sun yi doguwar magana da harshensu. Ko dai gidan ne bai ba waɗannan harsuna wuri a manyan tarukansa ba, ko kuwa mai fim ne ya tace su. Kowanne ne, gibin yana nan, kuma fim ɗin bai lura da shi ba.

Rauni na biyu na kuɗi ne. Ana ganin liyafar masu ba da taimako, tebura sun sha ado, sannan a ga mai neman aiki a Bronx yana sauraron wakilan soja da ƴan kwana-kwana, ko masu jiran aron ƴar na'urar da ke sada gida da intanet. Mai kallo zai fahimci habaicin. Sai dai habaici ba ya maye gurbin labari. A 2008 an rufe reshen Donnell, wanda ya yi suna da tarin littattafan harsunan duniya, bayan an ƙulla cinikin gininsa, kuma wanda ya gaje shi a wurin bai buɗe ba sai 2016, bai kuma kai shi girma ba. A 2008 ɗin ne attajiri Stephen Schwarzman ya ba da dala miliyan 100, aka sa wa babban gini sunansa. A 2014, shekara guda kafin ɗaukar fim ɗin, shugabanni sun janye wani babban shiri na sake fasalin ginin da kwashe miliyoyin littattafai, bayan marubuta da masu karatu sun yi ta bore har gaban kotu. Wannan rigima ce kan ainihin tambayar da sunan fim ɗin ya ɗauko, amma ba a ji ɗuriyarta a ciki ba. Shugabanni suna magana a ɗakin taro, masu adawa da su ba su samu shiga ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna gardamar ba ta mutu ba. A 2021 gidan ya soke tarar da ake ci wa wanda ya makara da mayar da littafi, domin ta fi korar ƴaƴan talakawa. A ƙarshen 2023 kuma rage kasafin gari ya sa aka daina buɗewa ranar Lahadi, sai a tsakiyar 2024 aka maido, bayan jama'a sun matsa. Ƙofar da fim ɗin ya nuna a buɗe, kullum akwai masu tokare ta da kafaɗa.

Wiseman da Rouch

Masu kallo a Nijar suna da ma'aunin da za su auna wannan salo, domin sun san Jean Rouch, wanda ya yi yawancin aikinsa a bakin kogin Kwara, ya kuma rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Shi ma fim ɗin gaskiya yake yi, amma hanyarsa daban. Rouch yakan sa muryarsa, yakan tsokano magana, yakan yi aiki da abokai irin su Damure Zika, kuma yakan mayar da fim wurin mutanen da ya ɗauka. A shekarun 1950 ya nuna wa Sarkawan Ayoru fim ɗinsa na farautar dorina. Suka ƙi amincewa da kiɗan da ya sa, suka ce dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya, farauta a shiru ake yin ta. Rouch ya karɓi gyaran.

Abin da Sarkawan Ayoru suka yi wa Rouch shi ne abin da iyayen Harlem suka yi wa littafin makaranta. Wiseman ya gane darajar wannan hali har ya ɗauke shi a hoto, amma salonsa bai bar ƙofar da za a yi masa irinsa ba. Shi kaɗai ke zaɓe, shi kaɗai ke jerawa, kuma da yake ba ya magana, da wuya a kama shi da kalma. Shirun nasa yana da fa'ida: ba ya raina hankalin mai kallo, ba ya tauna masa abinci. Yana kuma da farashi: abin da ya bari a waje ba ya barin sawu.

Kammalawa

Duk da waɗannan raunuka, Ex Libris fim ne da ya cancanci awa ukun da yake nema. Yana da haƙurin sauraro, abin da ya yi ƙaranci a majigin zamani. Yana barin mutum ya kai ƙarshen tunaninsa, ko farfesa ne ko tsohuwa mai neman asalin kakanninta. Ya rufe da maginin tukwane Edmund de Waal yana magana kan muhimmancin lura da yadda ake ƙera abu, kuma wannan ita ce shawarar da ta dace da fim ɗin kansa: a kalle shi ana lura da ɗinkin.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, amfaninsa ba ya cikin girman gini ko yawan dala, waɗanda babu mai kwaikwayon su. Sanarwar UNESCO ta 1994 kan ɗakunan karatu na jama'a ta lissafa tallafa wa adabin baka da ƙarfafa fahimtar juna tsakanin al'adu cikin ayyukan kowane irin wannan gida, babba ko ƙarami. Hanyar Schomburg ma ba baƙuwa ba ce: tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Bubu Hama ya haɗa shi ne ya zama tushen sashen da ke adana su a cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai. Aikin Belpré kuwa bai buƙaci komai ba face mai tatsuniya, yara, da ma'aikacin da ya yarda cewa abin da ke bakin tsohuwa ya isa ya shiga tsakanin littattafai.

Saboda haka ma'aunin da fim ɗin ya bari, ko da bai furta shi ba, yana aiki a kowane gari da Bahaushe, Bazabarme, Bafillace, Buzu da Babarbare ke cin kasuwa guda. Ba a auna ɗakin karatu da yawan bukukuwan da ya shirya wa baƙi. Ana duba harsunan da ake ji a cikinsa ranar da ba biki, da waɗanda suka zaɓi abin da aka ajiye, da kuma ko mutumin unguwa zai iya shigowa ya ce littafin nan ya yi kuskure a kanmu, a saurare shi, a rubuta gyaran a ajiye kusa da littafin.